Yadda ake adana tarihin tsofaffinmu na Legas tun suna raye, da abin da za a yi in sun rasu

Ranar sadakar bakwai ɗin kakarmu a Agege wani ƙanena ɗan shekara goma sha biyu ya tambaye ni wai ita Kaka asalinta 'yar wane gari ce, na buɗe baki zan ba shi amsa sai na ga iyakacin abin da na riƙe shi ne "ƙasar Kano", shikenan. Sunan ƙauyen ya ɓace min, sunan mahaifinta ya ɓace min, alhali matar nan shekara kusan talatin ina cin tuwon hannunta, ita ta fara biya min Fatiha, ita ke tashinmu sallar asuba da yayyafin ruwa in mun ƙi motsi. Abin da ya rage mana na muryarta saƙon murya ne guda ɗaya tal a WhatsApp, bai kai minti ɗaya ba, tana cewa a taho mata da man zafi in za a dawo, ta rufe da "Allah ya yi muku albarka". Wallahi har yau in na kunna sai idona ya ciko.

Tun daga nan na ce ba za a sake yi mana haka ba. Na zauna da ƙanin kakanmu, wanda muke ce wa Baba Alhaji, na tsawon watanni, na zauna da wasu tsofaffin mata biyu na layinmu, kuma abin da na koya a wannan zaman shi zan shimfiɗa a nan, ko Allah zai sa wani ya amfana tun nasa tsohon yana numfashi.

Mu da muke Kurmi lamarinmu daban yake da na mutanen gida. A arewa in tsoho ya rasu akwai dagaci, akwai liman, akwai tsaransa da suka yi kiwo tare, gari guda ne ke riƙe da labarinsa. A nan kuwa sau da yawa tsoho ɗaya ne igiyar da ta ɗaure gida gaba ɗaya da garin asali, ranar da ta tsinke sai ka ga jikoki suna jin Yarbanci da buroka fiye da Hausa, gidan hayar da aka zauna shekara arba'in an sayar an rushe, ba wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa in ya je arewa. Shi ya sa aikin nan na gaggawa ne.

Abu na farko, ka ɗauki biro da takarda yau ɗin nan ka rubuta sunayen duk tsofaffin da suka rage muku, na gida da na unguwa, har da ladanin masallacinku da tsohuwar da ke wankan jego da wankan gawa. Ka fara da wanda ya fi tsufa ko wanda jikinsa ya fi rauni. Kar ka ce sai bayan sallah ko sai ka sayi sabuwar waya, ni da Kaka "sai an samu lokaci" ne ya cinye mu.

Daga nan sai a zaɓi wanda zai yi tambayar, kuma a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ɗa ba zai iya zama ya tsare mahaifinsa da tambayar yadda ya auri mahaifiyarsa ba, akwai kunya tsakani, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba a kira. Jika za a tura. Wasan da ke tsakanin kaka da jika shi ne mabuɗin, jika zai iya cewa "tsohuwa, wai da gaske ne kuka kika yi ta yi a jirgi da aka kawo ki?" ta kai masa duka da mafici tana dariya sannan ta ba shi labarin tun daga tushe. In tsohuwa ce a samu jika mace, akwai maganar haihuwa da kishi da zaman gidan miji da ba za ta taɓa yi a gaban namiji ba. Kuma ka sani tun yanzu, tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ba ko da ya shekara ashirin a ƙasa, "Malam" ko "mai gidan nan" za ka ji, haka ɗanta na fari, don haka sunayen nan a wurin wani za ka cike su, kar ka matsa mata.

Sai neman izini. Ka je da ɗan abin hannu, goro ko turare ko lemo, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka durƙusa. Kar ka kuskura ka ce "muna so mu ɗauki tarihinka kafin ta Allah ta kasance", magana ce mai nauyi a kunnen tsoho. Abin da na ce wa Baba Alhaji shi ne, "Baba, yaran nan ba su san gida ba, so nake su ji daga bakinka." Amsar da ya fara ba ni ita ce wadda kusan kowane tsohon kirki zai ba ka, "to ni me na yi da za a rubuta ni, ai sai malamai da sarakuna". Ban yi masa gardama ba, sai na ce to ya ba ni labarin mahaifinsa da malaminsa na allo. Mutumin da ba ya son yabon kansa zai kwana yana ba ka labarin malaminsa, kuma a cikin labarin malamin nasa labarin yake fitowa. Ka nuna masa wayar ka faɗa masa za ka naɗi murya, in ya ce ban da bidiyo to ban da bidiyo, in ya ce kashe nan wurin ka kashe a gabansa. Kar ka naɗi tsoho a ɓoye, cin amana ne ko da niyyarka mai kyau ce.

Kayan aiki ba su da yawa. Waya mai cikakken caji da fili a memori, pawa banki saboda halin wutarmu, littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, biro biyu. Ka sa wayar a filait mod don kira ɗaya zai iya yanke naɗin ba ka sani ba. Ka ajiye ta a kan filo ko naɗaɗɗiyar darduma kusa da bakinsa kamar kamu biyu, kar a riƙe a hannu saboda motsin yatsu yana shiga. Ka gwada minti ɗaya ka saurara kafin a fara. Murya ta fi bidiyo sauƙi, ba ta cin wuri, kuma tsoho yana mantawa da ita ya saki jiki, amma in ya yarda ka ɗauki ɗan gajeren bidiyo ko sau ɗaya yana karatun Alƙur'ani ko yana jan carbi ko yana yi wa zuri'a addu'a. Wannan addu'ar ita za ku fi nema daga baya.

Lokaci kuma, ka san garin nan da hayaniya, janareto ta ko'ina, hon ɗin danfo, wato motocin haya na Legas, injin markaɗe, maƙwabci ya ƙure rediyo. Lokacin da na ga ya fi shi ne bayan an dawo daga asuba an ɗan karya, kafin unguwa ta tashi, ko safiyar Lahadi. Bayan la'asar ma yana yi in gidan na ciki ne. A kashe fanka in ana iya jurewa, a rufe tagar da ke kallon titi. Kar zama ɗaya ya wuce minti arba'in zuwa awa ɗaya, tsoho yana gajiya ko bai faɗa ba, kuma da an kira sallah an tashi kenan. Gara zama goma gajeru da zama ɗaya na wuni. A farkon kowane naɗi ka faɗi kwanan wata da wurin da kuke da sunan mai magana da bakinka, don bayan shekara biyar ba za ka tuna ba.

To yanzu tambayoyin, nan ne zuciyar aikin. Ka fara da salsala tun hankalinsa yana sabo: cikakken sunansa da laƙabinsa da dalilin laƙabin, sunan uba da kaka har inda ya iya kaiwa, haka ta wajen uwa, wanda shi aka fi mantawa. Sunan gari, sunan unguwa a cikin garin, gidan wa ake ce wa gidansu, sana'ar gidan, maƙera ne ko mahauta ko marina ko malamai ko fatake. Ka tambaye shi wa ya rage a can yanzu wanda in an je za a ce "mu jikokin wane ne" ya gane. In akwai tsaga a fuskarsa ka tambayi sunanta da ta waɗanne mutane ce, don tsagar nan takardar shaida ce ta mutanen da. Duk sunan da ya faɗa ka rubuta a littafi nan take ka maimaita masa ya gyara maka.

Sannan zuwansa Ikko, don su haka suke kiran Legas. Kar ka ce "ba ni labarin zuwanka Legas", zai ba ka a jimla biyu. Ka yanka tambayar ƙanana. Wa ya kawo ka? A jirgin ƙasa ko a bayan motar shanu? A ina ka sauka, Agege ko sai da aka kai Iddo? Nawa ne a aljihunka? Daren farko a gidan wa ka kwana, me aka ba ka ka ci? Da na yi wa Baba Alhaji wannan tambayar ta abinci sai ya yi shiru, can ya ce teba ce da miyar da bai taɓa ganin mai ja irinta ba, ya kasa ci, matar fatomansu ta lura ta dama masa kunu cikin dare, ya ce har yau yana sa matar nan a addu'a. Shekara fiye da sittin fa. Daga nan ya shiga labarin goro, yadda layin dogon da ya isa Kano tun 1911 ya sa Zangon Agege ya cika da Hausawa masu sayen goro daga gonakin Yarbawa, yadda mata ke ɓare shi a wanke, a zaɓe marsa daban minu daban, a jera a huhu da ganye a ɗaure, yadda ake tsoron zafi ya taɓa shi a hanya, yadda daushe ke tsada in sabo bai fito ba. Yana magana hannunsa yana ɗaure huhun da babu shi. In naka tsohon mutumin Mile 12 ne tambayarka ta bi kwandon tumatir da buhun albasa, in na Alaba Rago ne ta bi raguna da dillalai, in na mayankar Oko-Oba ne ta bi fawa, in na Obalende ne wataƙila ka ji labarin bariki da aikin soja ko ɗan sanda, in na Idi-Araba ne ka tambayi wa ya ba su wurin zama da wa ya fara jan sallah a masallacin unguwar. Masu gadi da masu canji da masu ga-ruwa da masu shayi kowa da ƙamus ɗin sana'arsa, ka sa ya fassara maka kalmomin, da yawansu ba a amfani da su yanzu.

Ɓangaren addini kar ka tsaya a "mutum ne mai ibada", kowa haka ake faɗa a kansa. Ka nemo abin da yake yi da hannunsa da ƙafarsa. A wurin wa ya yi allo, a ina ya tsaya ko ya sauke, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala ko bai samu dama ba sai da girma ya zo ya shiga makarantar dare. Wane masallaci ya fi daɗewa yana sallah, wane sahu, wane gefe. Tafsirin wa yake zuwa da azumi, ya taɓa zama a makarantar Larabci ta Markaz da ke Agege ko wurin malaman zaure yake. Wace shekara ya sauke farali, ta jirgin sama ko yana cikin waɗanda iyayensu suka bi ta Sudan a ƙasa, wa ya biya masa, shi kuma wa ya biya wa. Wace addu'a ce ba ya rabuwa da ita, ka sa ya karanta a naɗa. In ɗan Tijjaniyya ne mai wazifa ko Baƙadire ko ɗan Izala, ka rubuta shi yadda yake ko da kai ba can kake ba. Na ga gidan da 'ya'ya suka share ɗariƙar mahaifinsu daga tarihinsa saboda su sun canza fahimta, raina bai so ba, tarihinsa ne, ba a ba ka don ka gyara masa rayuwa ba.

Tsofaffin mata kuma, dan Allah a ba su lokaci ninki biyu, don aikinsu ba ya fitowa a takarda ko ɗaya. Ka tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu, waɗanda suka koma a ambaci sunayensu su ma. Sannan tambayar da ta fi kowacce buɗe baki: 'ya'ya nawa kika riƙe waɗanda ba ke kika haifa ba? Ɗaya daga cikin tsofaffin layinmu ta fara ƙirgawa da yatsu, ɗan ƙanwarta, 'yar kishiyarta da uwar ta fita, almajirai biyu da ke kwana a soro, yarinyar maƙwabciya Bayarbiya da uwarta ke tafiya kasuwa tun duhu, sai da yatsun hannu biyu suka ƙare ba ta gama ba. Da kuɗin ƙosai da adashi ta aurar da mafi yawansu. 'Ya'yan cikinta ma ba su san adadin ba sai ranar. Ka tambaye ta sana'arta ta cikin gida, wa ya koya mata girki, yadda ta koyi Yarbanci, wa ta karɓi haihuwarsa a unguwa, waƙar da take yi in tana daka ko tana rarrashin goyo.

In tsoho ya yi shiru ka ƙyale shi, kar ka cike shirun da surutunka, sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun shi ne mafi tsada. In ya yi kuka ka dakata, ka ba shi ruwa. In ya maimaita labarin da ya ba ka jiya ka saurara, za ka ji wani sabon suna ya faɗo a ciki.

Matsalar da za ka ci karo da ita ita ce shekaru, don tsofaffinmu ba da lamba suke lissafi ba, da abin da ya faru suke yi. Sai ka riƙe waɗannan a kanka ka riƙa auna maganarsu da su. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956. Samun 'yancin kai 1960. Kashe Sardauna Janairun 1966. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Canjin hannu, wato da motoci suka koma bin dama, Afrilun 1972. Kashe Murtala a nan Legas 13 ga Fabrairu 1976. Bikin Festak 1977. Mayar da babban birni Abuja Disambar 1991. Rikicin 12 ga Yuni 1993 da mutanenmu da yawa suka kwashe iyali suka yi arewa. Tashin bama-bamai a barikin Ikeja 27 ga Janairu 2002, da rikicin Idi-Araba da ya biyo baya a watan Fabrairu na shekarar. Ka kula da "shekarar canjin kuɗi", guda biyu ce a bakin tsofaffi, akwai ta 1973 da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, akwai ta 1984 zamanin mulkin soja na Buhari da aka canza launin takardun kuɗi, sai ka tambaya wanne yake nufi. Mata kuma da goyo suke lissafi, "ina da cikin wane", "ina goyon wance", to in ka san shekarar haihuwar mutum ɗaya a gidan sauran duk za su jeru. Watanni ma da sunan gida za ka ji su, watan cika-ciki shi ne Muharram, azumin tsofaffi Rajab, sha ruwan tsofaffi Sha'aban. Abin da ka tabbatar ka rubuta shekararsa, abin da kintace ne ka sa "wajajen" a gabansa.

Bayan an saba, sai ka roƙi a buɗe maka akwati ko adaka. A nan za ka samu tsohon fasfo na aikin hajji, katin haraji, rasit ɗin haya, takardar filin da ke gida, wasiƙun ajami, hotunan situdiyo masu baƙi da fari, wani lokaci har kaset ɗin da ake naɗar murya a aika gida da shi kafin zuwan waya. Ka ɗauki hoton kowanne da rana a inuwa, ba filasha, gaba da baya. Kowane hoto ka nuna wa tsohon ya faɗi su waye a ciki tun daga dama zuwa hagu, ka rubuta a bayansa da fensir, biro yana huda takarda kuma yana zubowa. Wasiƙar ajami ka kai wa malamin zaure ya karanta kana naɗa, don rubutun hannun mutanen da ba kowa ke iya fitar da shi ba. Kaset in ka samu rediyon da ke ci, ka kunna a ɗaki shiru ka naɗa da waya. Kar ka kai tsohuwar takarda a yi mata lamineshan, zafin injin da gam ɗin suna lalata ta kuma ba a iya cirewa, fotokwafin za ka yi wa in kana so. Asalin a sa a fayil na roba a ɗora a sama can, ka san danshin Legas da ruwan da ke shiga ɗakuna da damina, ga gara ga kyankyaso.

Ajiya kuma wuri uku, kar ka yarda da ƙasa da haka. Ɗaya a wayarka ko kwamfuta, ɗaya a filash ko memori da za a ba wani babba a gidan ya adana, ɗaya a intanet, Google Drive yana ba da gig 15 kyauta kuma ya ishi murya mai yawa. A ranar da ka yi naɗi a ranar za ka tura, waya a garin nan ana iya rabuwa da ita a cikin danfo kafin a kai gida. Ka canza wa kowane fayil suna, sunan tsohon da kwanan wata da abin da aka tattauna. In za ka tura hoto a guruf ɗin gida na WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen don kar ya dushe. Lambar sirrin imel ɗin mutum biyu su san ta.

To in Allah ya yi ikonsa kafin ka fara, ko kana tsaka da yi, ba a rasa komai duka ba. Kwanakin zaman makoki su ne ranakun da duk wanda ya san mamacin zai kawo kansa har ƙofar gida, wasu daga Sagamu, wasu daga Ibadan, wasu daga arewa, kuma ba za su sake taruwa haka ba. A sa yaro mai hankali ɗaya a wajen maza, yarinya ɗaya a cikin gida, kowa da littafi, duk tsohon da ya zo gaisuwa bayan an yi addu'a a bi shi a hankali a karɓi sunansa da lambarsa da yadda suka san juna. Ba wurin doguwar hira ba ne, lamba kawai ake so, hirar sai bayan kwana biyu ka bi su gida ɗaya bayan ɗaya. Maganar sadakar uku da bakwai da arba'in malamai sun saɓa, kowane gida da abin da suke bi, in gidanku ana yi to ka yi amfani da taron, in ba a yi kwana ukun gaisuwa sun isa. Kar a manta da maƙwabta Yarbawa da Inyamurai da suka zauna da shi shekara da shekaru, suna riƙe da alherin da ya yi musu wanda ko iyalinsa ba su sani ba. A littafin nan dai a buɗe shafi na bashi da amana, wanda yake bin mamacin da wanda mamacin ke bi da kayan mutane da ke hannunsa, wannan ya riga komai, tun kafin a yi maganar gado. Wanda ya je maƙabarta ya lura da wurin kabarin sosai, ta wace ƙofa aka shiga, kusa da wace bishiya ko katanga, ya rubuta a ranar, maƙabartun Legas suna cika da sauri kuma wuri yana rikicewa cikin shekara ɗaya. Matar da ke takaba tana gida wata huɗu da kwana goma, bayan makonnin farko sun wuce zuciya ta ɗan lafa, 'ya'ya mata da jikoki su riƙa zama da ita, hirar tana ɗebe mata kewa kuma ita ce ta fi kowa sanin mutumin.

Da ka tara abin da ya samu sai rubutawa. Ka saurari naɗin kaɗan kaɗan kana rubutawa da kalmominsa, in ya ce Ikko ka bar Ikko, in ya jefa Yarbanci ka bar shi ka fassara a gefe. Shafi goma zuwa ashirin ya isa: salsala a gaba, sannan tasowa, zuwa Kurmi, sana'a, iyali da duk waɗanda ya riƙe, karatu da ibada, hotuna, sai addu'arsa a ƙarshe. Abu biyu za ka kiyaye. Kar ka tona abin da Allah ya rufa, Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, don haka faɗan kishiyoyi da rigimar fili da auren da ya mutu da ɓacin rai a faɗe su a taƙaice ko a bar su, in ya ba ka wani sirri ya ce tsakaninku ne to ya tsaya a tsakaninku. Kuma kar ka ƙara gishiri, kar a mai da shi waliyyi ko a ƙirƙiro masa sarautar da bai yi ba, mai gadi ne ka rubuta mai gadi ne, wanda ya ciyar da mutum goma sha da halal ba ya buƙatar a ara masa riga. Kafin a buga ka karanta wa manya biyu ko uku, ɗaya daga kowane ɗaki in gidan mata da yawa ne, su gyara, don kar littafin da aka yi don haɗa zumunci ya zama sanadin gaba. Sai a kai shagon kwamfuta a buga kwafi kaɗan, a tura PDF a guruf. Facebook da TikTok kuma sai da yardar manyan gida, hoton matan da suka yi rayuwarsu a kulle bai kamata ya yi yawo a duniya ba, kuma duk takardar da ke da lambar NIN ko ta banki ko ta fili kar ta hau intanet inda kowa ke gani.

Akwai shafi ɗaya da nake ba da shawara a ƙara a bayan littafin, shafin ayyukan da yake yi a ɓoye waɗanda suka tsaya da rasuwarsa. Hadisi ya tabbata cewa in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a, haka kuma ya tabbata cewa sada zumunci da abokan mahaifi yana cikin mafi girman biyayya. To a lissafo su: shi ke sayen man janareton masallaci duk Juma'a, ita ke aika wa gidan marayun nan na bayan layi da tuwo duk dare, shi ke biyan kuɗin Laraba na yara uku a makarantar allo, ita ke aika atamfa ga ƙanwarta a ƙauye duk sallah. A gaban kowanne a rubuta sunan ɗa ko jikan da ya ɗauka, gwargwadon ƙarfinsa, ko da buta biyu ce da tabarma. Sunayen abokansa da suka rage su ma a raba, wane kai ne za ka riƙa leƙa Malam wane duk wata.

Kwafi ɗaya kuma dole ya tafi arewa, da takardar da muryar duka. Namu na Baba Alhaji wani direban motar kaya ɗan unguwarmu muka ba, da memori a cikin ambulan da ƙaramar rediyo mai cin memori, ya kai wa ƙanwarsa da ta rage a ƙauye, shekara goma sha ba su ga juna ba saboda ƙafa ta hana su duka biyun tafiya. Jikarta ce ta kira ni da daddare ta ce tun la'asar Gwaggo take zaune da rediyon a cinya, in ya ambaci wani suna sai ta ce a tsayar, ta faɗi wanda ya manta, ta ce kuma ya yi kuskure a sunan rijiyar da ke bayan gidansu. Na ce wa yarinyar ta samo littafi da biro, gobe da safe bayan an karya ta sa wayarta a filait mod ta zauna kusa da ita.